Amsa ga yarona game da fukafukan motar tsere

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa masu tseren Formula 1 suke kashe maƙudan kuɗi wajen sauya fiffike ko gefen bodin mota da abin da bai kai faɗin yatsa ba, har ka ce idan fiffike yana sa mota ta kama kwalta, me zai hana mu ɗaura irinsa a kan Corolla ɗin da ke garejinmu a nan Farin Gada cikin Jos. Sai ka fara sanin cewa a motocin da muke gyarawa aikin bodi shi ne kariya da ado, amma a motar tsere mai kujera ɗaya bodi yana cikin kayan da suke tafiyar da mota, matsayinsa ɗaya da injin da birki.

Fiffiken motar tsere fiffiken jirgin sama ne da aka kife, don haka iska tana danna motar ƙasa maimakon ta ɗaga ta, tayoyi su ƙara riƙe kwalta a kwana ba tare da an ƙara wa motar nauyi ba. Idan ka fitar da tafin hannunka ta taga a hanyar Bauchi, ka sunkuyar da yatsunka, za ka ji iskar tana tura hannun ƙasa, tana kuma ja da shi baya. Wannan jan baya shi ne kuɗin da ake biya, domin yana rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa a Monza ta Italiya, inda hanya take da dogayen miƙe, ake sa siririn fiffike, a Monako kuwa, inda kwana take bin kwana a cikin gari, ake sa mafi girma. Ka kuma riƙe wannan lissafi: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin dannawar yana ninka huɗu, wato abin da fiffike yake bayarwa a gudun kilomita 240 a awa ya ninka sau 16 abin da yake bayarwa a kilomita 60.

Mai kallo yana ganin fukafukai, amma babban aikin yana ƙarƙashin mota. Kamfanin Lotus na Colin Chapman ne ya fito da wannan dabara a 1977, inda aka siffanta ƙasan motar yadda iska za ta matse ta wuce da sauri, motar ta tsotsu zuwa kwalta, kuma da ita direban Lotus Mario Andretti ya lashe gasar 1978. An hana ta a 1983 saboda haɗari, aka dawo da ita a 2022, sai motoci suka riƙa tsalle a kan hanya, domin da zarar mota ta matso kwalta fiye da kima iskar sai ta katse, motar ta tashi, ta sake tsotsuwa.

Wuyar aikin ita ce babu ɓangaren da yake zaman kansa. Fiffiken gaba ne yake fara haɗuwa da iska, shi yake karkatar da ita daga tayoyin da suke a buɗe, ya aika da ita ƙasan mota da lagireto da fiffiken baya, saboda haka wanda ya taɓa shi ya taɓa motar gaba ɗaya. Idan dannawa ta yi yawa a gaba, bayan motar zai zame. Idan ta yi yawa a baya, direba zai murɗa sitiyari motar ta ƙi shan kwana. Ko Mercedes, da duk ƙwarewarsu, sun fito da mota mai matsattsen gefe a 2022, suka watsar da tsarin a 2023. Kafin a ɗaura sabon abu ana gwada shi a kwamfuta, sannan a ɗakin gwajin iska da samfurin da bai wuce kashi 60 cikin 100 na girman motar ba, ranar atisaye kuma a shafa masa fenti mai ruwa-ruwa domin a ga sawun da iska ta bari.

Guduma ba ta da aiki a wurin, domin tun da McLaren ta kawo gangar jiki ta zaren kabon a 1981 aka koma aikin zubi da gashi, kuma abin da ya tsage sauya shi ake yi. Ɗauri ma ba abin wasa ba ne: a tseren Sifaniya na 1969 dogayen fukafukan motocin direbobi biyu, Graham Hill da Jochen Rindt, sun karye, dukansu suka yi haɗari, aka hana irin wannan ɗauri.

Game da Corolla, Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskarmu ba ta da kauri kamar ta Legas, kuma a birnin Meziko, wanda ya haura mita 2,200, ko manyan fukafukai ba sa danna mota yadda suke yi a Monako. Ga ƙarancin gudu a cikin gari, ga bodin da ba a ƙera shi domin haka ba. Idan mai mota ya nace yana son fiffike a kan but, ka ɗaura masa daidai, ka toshe hujin da ka yi saboda ruwan damina kada ƙarfe ya yi tsatsa, ka kuma gaya masa gaskiya cewa ado ne. Idan kukansa mota ba ta kama hanya ne, ka duba tayoyi da iskar da ke cikinsu, ka duba shokozoba, sannan ka tura shi a daidaita masa ƙafafun mota.