Yaya, ga dalilin da ya sa muke sharar rufi a Teksas

Yaya, na ga saƙonka bayan sallar asuba, inda kake tambaya ko ba ni ne na ce maka zafin Dalas bai da maraba da na Sakkwato ba, to me ya kawo hotona da doguwar sanda ina jawo dusar ƙanƙara daga kan rufi. Ka kuma ce ai rana za ta fito ta narkar da ita, me ya yi zafi da har mutane biyar za su taru a gidan mutum ɗaya. Gaskiyarka ne ta wani fannin. A watan Yuli da Agusta ma'aunin zafi yana haura 38, sitiyarin mota ma ba ya taɓuwa. Dusar kuma ba kowace shekara take sauka ba, in ta sauka ma ba ta cika kwana uku. To, a nan matsalar take, domin ba a gina gidajen nan da ita a rai ba.

Ka tuna rufin soron Baba kafin a sa kwano? Duk gabatowar damina sai an hau an duba yaɓe, an zura sanda a indararo an fitar da shara. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, kafin gari ya waye azara ta fara ɗiga a kan gado. Abin da ke faruwa a nan ke nan, sai dai abin da ke toshe hanyar ruwan ba ganye ba ne kaɗai, ƙanƙara ce.

Rufinmu ba kwano ba ne. Katako ne ake shimfiɗawa, a bi shi da falle-fallen kwalta, kowane falle ya hau kan na ƙasansa, kamar yadda ake jera ciyawa a jinka. Muddin ruwa na gangarowa, ko ɗigo ba ya shiga. Amma da zarar ya tsaya ya fara komawa baya, sai ya bi ta ƙarƙashin fallen. Idan dusa ta lulluɓe rufi, mu kuma muna ciki mun kunna na'urar ɗumama ɗaki, ɗumin yana tashi ya shige cikin silin ya gasa katakon daga ƙasa. Dusar da ke manne da rufi ta narke, ruwan ya gangara har bakin rufi, wato ɓangaren da ya zarce bango ya leƙo waje. Can babu ɗumin ɗaki ko kaɗan, sai ruwan ya daskare. Wani ya zo ya daskare a kansa, har ya zama tudu. Mu a nan dam muke ce masa kawai, don aikinsa ɗaya da na Tiga: ya tare ruwa a bayansa. Tsinkayen ƙanƙarar nan masu sheƙi da ke reto a bakin rufi, waɗanda yara ke murna da su, mu in mun gan su gabanmu faɗuwa yake yi.

A jihohin arewa irin su Minesota, ana manna wata leda mai danƙo a ƙarƙashin fallen, daga bakin rufi har ta shige layin bango da kamar ƙafa 2, ko da ruwa ya koma baya ba zai sami katako ba. A nan gidaje da yawa ba su da ita. Ga shi kuma maginan Teksas sun saba ajiye bututun iska, wani lokaci har da tukunyar ruwan zafi, a cikin silin, duk suna ƙara wa rufin ɗumi.

Ni a jikina na koya, a Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya kai 19 ƙasa da sifili a Dalas, wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki. Mun yi kwana biyu a falo ɗaya cikin barguna. Da wuta ta dawo, na murɗa na'urar ɗumi har ƙarshe, ban san rufina nake dafawa ba. Washegari da daddare ƙaramar 'yarmu ta ce, Abba, silin ya yi ciki. Na ɗaga kai, fentin saman tagar ɗakinsu ya kumbura kamar salka, ruwa na bin bango yana sauka bayan labule. Na ɗauko guduma da tsani zan hau in farfasa ƙanƙarar. Allah ya taimake ni na fara kiran wani dattijonmu da ya yi shekaru a Shikago kafin ya dawo nan. Ya ce, ɗana, ajiye tsanin nan, in ka zame wa zai riƙe maka yaran? Ya sa na tara bokiti na huda kumburin da ƙusa, ruwan ya tsiyaye wuri guda maimakon silin ya rufto. Ya ce in ɗauki hoton komai saboda kamfanin inshora.

Tun daga lokacin abin ya zama mana kamar gayya. Ƙarshen kaka, in ganye ya gama zuba, samari kan zaga gidajen dattawa da na matan da mazansu ke tuƙin manyan motoci, su kwashe ganye daga magudanar kwanon da ta bi bakin rufi. Wanda ya sayi gida sabo, sai an shiga cikin silin ɗinsa da tocila, a toshe ramukan da ɗumi ke bi, gefen fitilu da murfin da ake hawa ta ciki, a duba ko audugar da ke tare ɗumi ta yi kauri, a tabbatar ba ta rufe kafofin shan iska na bakin rufi ba. Abin da ake so shi ne cikin silin ya yi sanyi kamar waje. Na san zai yi maka banbaraƙwai, mutum na neman ɗumi kuma yana buɗe wa sanyi hanya a samansa, amma haka ne maganin. Wanda kuma zai sake rufi, muna matsa masa ya biya kuɗin ledar nan ko da mai aikin ya ce ba a bukata.

Ranar da dusa ta sauka kuwa, sandar nan da ka gani ita ce ke yawo gida gida, mu biyu ne kawai muke da ita. Daga ƙasa ake tsayawa, a jawo dusar da ke ƙafa 3 ko 4 na bakin rufi, a hankali don kar a kankare fallen, ido kuma na kan wayar lantarki. In dam ya riga ya yi, sai a cika tsohuwar safa da gishirin narkar da ƙanƙara na kalsiyam, a jefa ta ta gicciye tudun, ta ci masa hanya ruwa ya samu mafita. Gishirin miya ba a sa shi, yana cin kwano yana kashe shuka. Wani abin da muke ta nanata wa sababbin zuwa, ko da yake ba na rufi ba ne: kaskon gawayin da muka saba da shi a hunturu ba ya shiga ɗaki a nan. Ɗakunan a like suke ruf, kuma hayaƙin da ba a gani ya kashe mutane a wancan sanyin.

Mutum biyar ɗin da ka ƙirga a hoton, biyu ne ke aiki, sauran shayi suka zo sha, uwargida ta yi mana ƙosai. Ka gaida Inna, ka ce mata sanyin ya wuce, yara sun koma makaranta. Kuma don Allah kafin ruwan farko ka sa a duba kwanon ɗakinta ta gefen gabas, tun zuwana na ƙarshe na ga ƙusoshin sun ɗaga.