Mun gama sakandare, yaya za mu gode wa ikkilisiyarmu?

Ƙanwata, kin ce ku matasan da kuka gama WAEC da NECO a Zuru kuna so ku yi wa ikkilisiya godiya, amma ba ku da kuɗin yin biki. Ku bar zancen kuɗi tukuna.

Ku fara zuwa wurin Fasto da dattawa, ku roƙi a ba ku minti 10 a sujadar Lahadi, bayan baiko. Mutum ɗaya ya yi magana a madadinku, ya karanta Luka 17:11-19, labarin kutare 10 da ɗaya kaɗai ya dawo godiya.

Abin da na fi so ku kula da shi: ku kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Malamar makarantar Lahadi da ta share muku majina tana koya muku ayoyin haddacewa. Iyayenmu na Zumuntar Mata da suka haɗa kuɗin jarrabawar marayun cikinku. Baban da ke buga ƙararrawa tun da asuba, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Ku durƙusa su sa muku albarka.

Kafin sakamako ya fito, ku karɓi ajin ƙananan yara ku koyar.