Me ya sa GIMP ta shafe shekara 14 kafin ta koma kan GTK 3?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon zane da buga katin biki da fastoci, kuma da GIMP da Inkscape nake aiki a kan Linux. Na ga an fitar da GIMP 3.0 ana ta murna wai ta koma kan GTK 3, sai wani abokina ya ce mini ai GTK 3 ɗin ya daɗe da fitowa, har an yi na 4. Shin sakacin masu GIMP ne, ko kuwa laifin masu GTK ne da ba sa barin abu ya zauna wuri ɗaya? Sannan akwai haɗari idan na ci gaba da amfani da manhajar da ke kan tsohuwar siga?

Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya. An saki GTK 3 a watan Fabrairun 2011, aka saki GTK 4 a Disambar 2020, ita kuwa GIMP 3.0 sai a Maris ɗin 2025 ta iso. Abin ya fi ba da mamaki idan aka tuna cewa a cikin gidan GIMP aka haifi GTK, wato kayan aikin da ake gina tagogi da maɓallan manhaja da shi, tun a shekarun 1990, domin harafin G na sunansa na GIMP ne. Sai dai ban yarda a kira wannan jinkiri sakaci ba, kuma zan faɗi dalili.

Mai rubuta manhaja ba ya zama ya zana kowane maɓalli da taga da akwatin rubutu da hannunsa. Akwai laburaren da aka tanada domin wannan aiki, kamar GTK ko Qt, shi nasa kawai ya kira shi ya ce a ba shi taga, a sa mata maɓalli biyu, a sanar da shi idan an danna ɗaya. Jerin waɗannan kiraye-kiraye da laburaren ya yi alkawarin amsawa shi ake ce wa API. Muddin alkawarin yana nan, manhajar da aka rubuta shekaru goma da suka wuce za ta ci gaba da aiki. A al'adar waɗannan laburarori, ana riƙe alkawarin a tsakanin ƙananan sigogi, kamar daga GTK 2.10 zuwa 2.24, amma duk lokacin da babbar lamba ta sauya, daga 2 zuwa 3 ko daga 3 zuwa 4, masu laburaren sun ba kansu izinin zubar da abin da suke ganin ya tsufa.

Ga misali guda, don ka ga yadda ƙaramin abu yake zama babban aiki. Idan ka zo rufe hoton da ba ka adana ba, akwai ɗan akwatin da ke fitowa ya tambaye ka ko a adana. A GTK 3, layi ɗaya ake rubutawa mai suna gtk_dialog_run, sai manhajar ta tsaya cak tana jiran amsarka, ta karɓa, ta ci gaba daga layi na gaba. A GTK 4 an cire wannan kira. Dole mai manhaja ya raba aikin gida biyu, sashe ɗaya ya nuna akwatin ya koma harkarsa, wani sashen dabam ya zauna jiran amsa, kuma duk bayanin da sashen farko yake riƙe da shi sai an nemo hanyar miƙa shi ga na biyu. A manhaja mai akwatuna da dama, kowanne sai an bi shi an warware an sake ɗinkewa, sannan a gwada. Haka aka cire tsofaffin hanyoyin yin jerin zaɓi na saman taga da na danna dama. Tsakanin GTK 2 da 3 ma an yi irin wannan, domin an sauya hanyar zane gaba ɗaya zuwa laburaren Cairo, an mayar da tsarin ado zuwa CSS, yaren da ake ƙawata shafukan intanet da shi, an kuma rufe cikin abubuwa da yawa da a da ake iya miƙa hannu a taɓa kai tsaye.

Abin da ya ƙara nauyin shi ne ba a iya ɗora GTK 2 da GTK 3 a cikin manhaja ɗaya a lokaci guda, saboda haka ba a iya sakin aikin ga jama'a rabi-rabi. Sai a buɗe reshe na musamman, wato kwafi dabam na rubutun manhajar, a yi ta aiki a cikinsa shekara da shekaru, alhali kuma tsohon reshen da mutane ke amfani da shi yana buƙatar gyara kullum. Idan aka gama, mai amfani ya buɗe ya ga kusan abin da ya saba gani, ba wanda zai ce sannu. Wanda ake biyansa albashi zai daure, amma GIMP mafi yawan aikinta 'yan sa-kai ƙalilan ne ke yi a lokacin da suka samu. Ban da haka, ba su tsaya ga sauya laburare kaɗai ba, sun haɗa da sabunta injin sarrafa hoto wanda ya fito a GIMP 2.10 cikin 2018, da tace hoto ba tare da ɓata na asali ba, da sabuwar hanyar rubuta ƙananan manhajojin ƙari. Kuma ba su kaɗai ne suka makara ba. A cikin tsarukan fuskar kwamfuta na Linux, MATE ta kammala komawa GTK 3 a 2017, Xfce a 2019, Inkscape ɗin da kake aiki da ita kuwa sai a 2020 da sigarta ta 1.0.

Game da laifin masu GTK, a nan ra'ayina ya rabu biyu. Sauya babbar lamba ba na ganinsa laifi, domin GTK 2 na 2002 ne, an tsara shi kafin a san allo mai tsananin kaifin hoto da tsarin nuni na Wayland, kuma ma'aikatan da ke kula da shi ba su da yawan da za su riƙe tsoho da sabo har abada. Microsoft tana iya sa tsofaffin manhajojin Windows su ci gaba da aiki ne saboda tana da kuɗi da ma'aikatan da ta ware wa hakan. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne shekarun farko na GTK 3, lokacin da ake sakin ƙaramar siga duk wata shida, kuma sau da yawa sai ta rusa adon da mutane suka tsara, mafi muni a 3.20 cikin 2016. Wannan rusau ne a cikin jerin da aka ce tsayayye ne. Sai daga 3.22, a Satumbar 2016, aka ce an tsaya. Kafin nan wasu sun riga sun kwashe kayansu. Babban marubucin LXDE, wani tsarin fuskar kwamfuta na Linux, ya koma Qt a 2013 har aka samu magajinsa LXQt, Wireshark mai binciken zirga-zirgar bayanai tsakanin kwamfutoci ta koma Qt a 2015, ita kuwa Audacious ta sauraron waƙoƙi sai da ta bar GTK 3 ta koma GTK 2 na wani lokaci.

Kada kuma a ɗauka can wajen Qt hutu ake yi. Qt 6 ya fito a Disambar 2020 babu wasu sassa masu muhimmanci, sai a 6.2 cikin 2021 aka dawo da yawancinsu, kuma ƙungiyar KDE, duk da yawan jama'arta, ba ta saki Plasma 6, tsarin fuskar kwamfutarta da ke kan Qt 6, ba sai Fabrairun 2024.

Sai batun haɗari. Tsufan lamba shi kaɗai ba ya cutar da kai, abin dubawa shi ne ko ana ci gaba da gyara laburaren. GTK 3 har yanzu ana fitar masa da gyare-gyare a jerin 3.24, don haka GIMP 3 da Inkscape suna kan tushe mai kyau. GTK 2 kuwa masu shi sun sanar da ƙarshensa tun fitowar GTK 4, kuma wasu nau'o'in Linux sun fara cire shi daga rumbunsu, ma'ana wata rana za ka sabunta kwamfutarka ka tarar tsohuwar manhajar ta ƙi tashi. Tunda da wannan kake cin abinci, shawarata ita ce ka girka GIMP 3 ta hanyar Flatpak ko AppImage, wato ƙunshin manhaja waɗanda ke zuwa da laburarensu, ka ci gaba da riƙe tsohuwar GIMP 2.10 a kwamfutarka har ka tabbatar aikinka na yau da kullum yana tafiya. Ka fara duba manhajojin ƙari da ka dogara da su, domin waɗanda aka rubuta da tsohon yaren rubuta manhaja na Python 2 ba za su yi aiki a sabuwar ba sai an sake rubuta su. Sannan ka ajiye kwafin tsofaffin fayilolinka na XCF, wato irin fayil ɗin da GIMP ke adana aiki a ciki, kafin ka sake adana su, saboda fayil ɗin da ya yi amfani da sababbin abubuwan GIMP 3 yana iya ƙin buɗuwa a 2.10.