Amsa ga mai koyon fassara: abokin da ba ya jure hadari

Ɗana, ka ce ka ci karo da "fair-weather friend" a labarin da aka ba ka, kana wasi-wasi tsakanin "abokin kyakkyawan yanayi" da "maci amana". To, duka biyun ajiye su.

Na farkon ba Hausa ba ne. Mutumin Ingila ruwan sama ya ishe shi, don haka ranar da gari ya waye garau, ba hadari ba iska, ita ce rana mai kyau a wurinsa. Har matuƙin jirgin ruwan da ba ya fita sai teku ta kwanta suna kiransa "fair-weather sailor". Mu kuwa manomin da ya yi shuka hadarin yake roƙo. Ka ce masa abokin kyakkyawan yanayi, sai ya zaci hasashen damina za ka karanto.

Na biyun kuma ya yi nauyi. Maci amana cutar da kai yake yi, ya tona asirinka, ya haɗa baki da maƙiyinka. Wannan kuwa ba ya yi maka komai, laifin nasa ke nan. Ranar naɗinka yana sahun gaba da babbar riga, shi ke raba wa baƙi goro. Ranar da aka sauke ka, ka kira sau uku, waya a kashe. In ɗan siyasa ya faɗi wannan kalma kai kuma ka sa masa "maci amana" a baki, ka ƙara masa zagin da bai yi ba, kuma gidan rediyonmu za a zo nema.

Sai ka duba wa ake nufi. In mutum ɗaya ne, "abokin cin daɗi" ya wadatar, ko ka warware shi: yana tare da kai in kana da shi, in babu ka neme shi ka rasa. In tarin magoya baya ne, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ya fi zama daram, domin Turawa ba aboki kaɗai suke liƙa wa siffar ba. Suna faɗinta ga masoya ƙwallo, irin waɗanda suka cika gidan kallo lokacin da Manchester United ke cin kofuna, amma da kocinsu Ferguson ya yi ritaya a 2013 abubuwa suka taɓarɓare, sai rigar ta koma ƙasan akwati. Tunanin ma tsoho ne a wurinsu. A 1776, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, marubuci Thomas Paine ya caccaki sojan lokacin da yanayi ke da daɗi da mai kishin ƙasa na ranar da rana ta fito, wato waɗanda ke zamewa in wuya ta yi wuya.

Yarima da kiɗansa akwai zolaya a ciki, kada ka kai su labarin rasuwa ko na diflomasiyya. A can faɗi maganar a miƙe: ƙawayen da ke ja da baya idan an shiga matsi. Naka labarin na siyasa ne, saboda haka sa yariman, ka kawo mini in duba kafin a shiga situdiyo.