Amsa ga tambaya kan shuka mai cin ƙwari bayan fitowarta daga barcin sanyi

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce kin ajiye shukarki ta Sarracenia, mai ganye kamar tulu da ƙwari ke faɗawa ciki, a firji tun watan Nuwamba domin ta yi barcin sanyi irin na ƙasarsu, yanzu a ƙarshen Fabrairu kin fito da ita kin tarar tulunan sun bushe sun yi baƙi, kina tambaya ko ta mutu, kuma ko taki zai farfaɗo da ita. Ni ma a nan Gombe nake renon irinta shekara da shekaru.

Bushewar tsofaffin tuluna ba alamar mutuwa ba ce. Ran shukar yana cikin saiwar nan mai kauri da ke kwance kamar ta citta, saboda haka ki taɓa ta: idan tana da tauri, cikinta fari, to lafiya lau take, idan kuwa wani sashe ya yi laushi ya yi duhu, ki yanke shi da wuƙa mai tsabta har ki kai wurin da yake fari. Busassun tuluna ki datse su da almakashi, amma duk ganyen da ke da sauran kore ki bar shi, domin da shi take samun ƙarfin fitar da sababbi.

Taki kuwa, don Allah kada ki sa mata ko kaɗan, na zamani ne ko na dabbobi. Asalin wannan shuka fadamun kudu maso gabashin Amurka ne, wajejen Fulorida da Jojiya da Karolina, inda ƙasa ke da tsami kuma ba ta da abinci, abin da ya sa ta dogara ga ƙwarin da ke faɗawa tulunanta. Taki yana ƙone saiwarta. Ƙasar da ta dace da ita ruɓaɓɓiyar gansakuka ce da ake kira fit, a haɗa ta da wankakken yashi mai tsakuwa rabi da rabi, a dasa saiwar yadda samanta zai ɗan leƙo waje.

Abin da ya fi damuna game da shukarki shi ne yanayinmu. A ƙasarsu tana farkawa ne cikin sanyi mai raguwa a hankali, mu kuwa muna fito da ita daga firji mai sanyin digiri 4 ko 5 a ma'aunin Selsiyus zuwa bakin bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Maris da Afrilu, iska kuma ba ta da laima sosai. Saboda haka ki fara ajiye ta a inuwa mai haske na mako ɗaya ko biyu, sannan ki riƙa ba ta hantsi, kina ƙarawa har ta kai awa shida, amma ki kare ta daga ranar azahar har damina ta faɗi. Baƙar tukunyar roba tana dafa saiwa, don haka fara ta fi, kuma ki ɗaga ta daga kan siminti.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne ke kashe mafi yawansu a wurinmu. Ruwan burtsatse da na rijiya da na famfo duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke taruwa a tukunya yana cin saiwa sannu a hankali, kuma tafasawa ba ta cire shi. Ki nemi ruwan sama, ko tataccen ruwan da ake zuba wa batir, wanda ba a haɗa shi da asid ba, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Idan kina da ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, kada lambar da za ta nuna ta wuce 50 a ma'aunin ppm. Ki zaunar da tukunyar cikin faranti mai ruwa kamar santimita 2 zuwa 3, ki duba shi safe da yamma, domin a bazara yini ɗaya na ƙafewa ya isa ya yi ɓarna.

Cikin makonni kaɗan za ki ga toho, wani lokaci ma kan fure ke riga tulu fitowa. Idan shukar ƙarama ce ko ta sha yanka, ina ba ki shawara ki tsinke furen domin ƙarfinta ya tafi ga ganye. Kada ki zuba mata nama, ƙudaje da tururuwa za su kawo kansu. Ki riƙa duba sabon toho, saboda ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye suna sa tulu ya fito a murɗe. Da zarar ruwan sama ya kankama, ki bar na farko ya wanke kwanon rufi, sannan ki tara na baya a jarkoki masu murfi wanda zai kai ki rani mai zuwa.