Koma, fatsa da gaiwa: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin kamun kifi

Wani magidanci daga Birnin Kebbi ya rubuto: "Malam, nakan kai yarana bakin gulbi ranar hutu mu jefa ƙugiya. Babbansu ya tambaye ni bambancin koma da taru na kasa amsawa. Kuma shin 'kifi na ganinka mai jar koma' ake cewa, ko 'mai jan koma'?"

Ɗan'uwa, abin da kuke yi sunansa fatsa. Kalmar "su" ita ce sunan sana'ar kamun kifi gaba ɗaya, daga nan aka samu masunci da masunta, kuma kowane kayan aiki da nasa suna. Fatsa sanda ce da zare da ƙugiya, sai 'yar dalma da ke nutsar da ƙugiyar, da guntun kara da ke yawo a saman ruwa. Idan karan ya nutse, kifi ya ɗauka. Yawancin masu koyo sukan sa ƙugiya babba, alhali bakin karfasa ƙarami ne, sai ta yi ta tsinke tanar ta bar ƙarfe tsirara. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, ta fi cin tana da magariba, don haka a tsawaita zaren da ke tsakanin kara da ƙugiya.

Koma raga ce ta hannu da aka ɗaura a jikin lanƙwasasshen itace, mutum ɗaya ke shiga ruwa da ita. 'Yar'uwarta ita ce homa, wadda masunta ke rugawa da ita tare da gora zuwa kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934. Taru dogo ne, sama da abin da ke sa shi yawo, ƙasa da nauyi, sai an taru ake jan sa zuwa gaɓa. Birgi zagayayye ne mai dalma a baki, wurga shi ake yi ya buɗe ya rufe kifi, kuma kututturen da ke ƙarƙashin ruwa shi ne babban abokin gabarsa. Mamari kuwa doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi birjik ba tana, jikin kifi take kamawa. Inda ka ga an shimfiɗa shi, kada yaro ya tsoma ƙafa.

Karin maganar duka biyun ana jin su a bakin mutane. "Jan koma" na nufin mai janyo ta, "jar koma" kuma launi ne. Ni na fi karkata ga "jar". Kafin zuwan zaren roba, da auduga ake saƙa raga, a rina ta da ruwan ɓawon itace don kada ta ruɓe, sai ta yi ja. Mai saɗaɗawa da jan abu cikin ruwa yana zaton ya ɓuya, kifi kuwa tuni ya hango shi. Shi ya sa ake faɗa wa mai ƙulla makirci a ɓoye, alhali wanda ake ƙulla wa yana sane.

Wata uwa daga Yawuri ta ce: "Me ya sa ake kwatanta mutum da gaiwa mai cin jikinta?"

Hajiya, wannan magana daga lura ta fito. Gaiwa kifi ce, amma tana shaƙar iska kamar dabbar tudu. Idan fadama ta fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar numfashi. Haka za ta kwanta rani guda ba ci ba sha, naman jikinta ne ke narkewa yana riƙe ta har ruwa ya dawo. Ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa ya koma cin uwar kuɗi, ko magidancin da ke sayar da kayan ɗaki yana cefane, su ne gaiwa. Idan yara suka tono ta, a hana su kai yatsa bakinta, cizonta ba wasa ba ne. Haka ƙurungu: ƙayoyin bayansa da na gefensa sukan miƙe su ƙage, a riƙe shi ta bayansu.

Wani ɗalibi da ya kai ƙannensa Yankari ya ga kada kwance a bakin ruwa, yana tambayar jam'in kalmar da ma'anar "ruwa ya ƙare wa ɗan kada".

Ana cewa kadoji, ana cewa kadanni, akwai kuma kaduna, wadda ake danganta sunan kogin da birnin da ita. Ƙarfin kada duk a ruwa yake, ɗansa kuwa bai kai ya yi doguwar tafiya neman wani tafki ba. Ana faɗar maganar ga wanda dabara ta ƙare masa, abin da yake taƙama da shi ya kuɓuce. Wasu sukan ƙara da "bai gama wanka ba", wato abin ya yanke masa tun bai biya bukatarsa ba.