Ni ma na sha wannan kaɗaicin a Japan

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau uku na karanta tambayarka kafin na iya rubuta komai. Ka ce wata huɗu ke nan da zuwanka karatu Japan, maƙwabcinka bai taɓa ce maka ko sannu ba, malaminka kullum "zan duba" yake ce maka, abokan ɗakin bincikenku kuma sun ja baya tun da ka ƙi bin su wurin shan giya, shi ne kake tambaya ko ƙin baƙar fata ne ko haka al'adarsu take. Wallahi kamar bakina ka ara. Shekara biyar na yi a can, kuma shekara biyun farko ba na son tuna su.

Maganar malaminka tukuna, don ita ce za ta iya cin maka lokaci. In Bajapane ya ce maka "kangaete okimasu", wato zan yi tunani a kai, ko ya ja iska ta haƙoransa ya ce "chotto muzukashii", da ɗan wuya, to yawanci a'a ya ce maka. Suna da kalmomi biyu, honne da tatemae, abin da ke cikin rai da abin da ake nunawa a fuska. Kawaici ne irin namu, sai dai nasu ya kai har cikin ofis. Wata biyu cur na zauna ina jiran amsa kan wani gwaji da malam ya riga ya soke a ransa. Ka koma wurinsa da wata shawarar daban a rubuce, ka ga wadda zai kama.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rasuwar mahaifina. Disamba ne, shekarata ta biyu, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ƙarfe uku na dare waya ta shigo, ka san awa takwas ce tsakaninmu da gida. Na zauna a kan tabarmar tatami a ɗan ɗakina, hita na hura iska, babu wanda zan kalla in ce Baba ya rasu. Kafin in gama duba kuɗin jirgi an kai shi makwancinsa. A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na shigo da kwanukan abinci, kowa na cewa ya haƙuri. Ni kuwa kwana uku ko ƙwanƙwasa ƙofata ba a yi ba.

Akwai wani da ke gaba da ni a ɗakin bincike, irin wanda suke kira senpai, wanda dole ka yi masa biyayya ko da shekara ɗaya ya riga ka. Da safe na je na faɗa masa, idona a kumbure. Ya ce "so ka", wato haka ne, ya yi shiru kaɗan, sai ya tambaye ni ko sakamakon da zan gabatar ranar Juma'a ya kammala. Wallahi ƙafafuna suka kasa ɗaukata, banɗaki na shiga na yi kuka kamar yaro. Kuma shi ne dai, a walimar ƙarshen shekara da suke kira bonenkai, wadda ban je ba, ya ce wa malam wai ba ni da son jama'a, wai ina ɓacewa da rana ba a san inda nake ba. Alhali ya sani sarai sallah nake zuwa yi a ƙarƙashin matakala, shi da kansa ya sha wuce ni ina sujada. Wata ɗaliba ce ta tsegunta min daga baya. Kullum yana min murmushi yana sunkuyar da kai, ashe ga abin da ke ƙasa. Shekaru sun wuce, na ce na yafe, amma in na tuna fuskarsa a safiyar nan har yanzu ƙirjina yana zafi.

Bayan mako guda na tarar da farar ambulan a kan teburina, an ɗaure ta da zare baƙi da fari, sunayen 'yan ɗakin duka a jiki, har da nasa. Kuɗi ne a ciki, tsofaffin takardu. Sakatariyarmu ta ce sunansa koden, gudummawar mutuwa, kuma ba a sa sababbin kuɗi don kada ya zama kamar an shirya wa mutuwar. Ta ce sun ƙi zuwa ɗakina ne don gudun meiwaku, wato takura wa mutum, tun suna yara ake hore su da kada su zama nauyi a kan kowa. A wurinsu barin mai makoki shi kaɗai girmamawa ce. Na fahimta, amma fahimtar ba ta mayar min da kwana ukun nan ba. In an taɓa ba ka irin wannan, ka sani ana mayar da kyauta ta kusan rabin kuɗin bayan an kwana biyu.

Ba zan ce maka babu wariya ba. Akwai. Dillalin gidaje ya buga waya a gabana sau huɗu, da ya ce baƙo ne sai a ajiye. A jirgin ƙasa kujerar da ke gefena ta sha zama wayam alhali mutane na tsaye. 'Yan sanda sun sha tare ni a kan keke su nemi katin zama, don haka kada ka fita ko zuwa konbini, ƙaramin shagon unguwa, babu shi, doka ce. Amma shirun maƙwabcinka ba lallai wannan ba ne, su kansu ba sa gaisawa yadda muke yi.

Ka gaishe shi kai. Al'adarsu wanda ya tare shi ke bi ƙofa-ƙofa da ɗan tawul ko sabulu ya gabatar da kansa, ni ban sani ba sai da na shekara. Wata tsohuwa a ƙasan benenmu ta taɓa dawo min da ledar sharata har bakin ƙofa, saboda na haɗa gwangwani da abin ƙonawa, kuma ba ranarsa ba ce. Na ji haushi ƙwarai. Daga baya na kai mata dabino, ta karɓa da hannu biyu tana ta sunkuyawa, washegari ga lemo a rataye a ƙofata. Ita ta zama uwata a garin. Ita kaɗai take zaune, ɗanta yana Osaka, ba ya zuwa sai Obon, bikin tunawa da magabatansu da suka rasu, a watan Agusta da sabuwar shekara. Ƙasa mai jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, tun 1964, amma tsoho ya mutu a ɗaki a yi kwanaki ba a sani ba, har suna suka ba abin, kodokushi. Wannan yana tsaya min a rai. Ku da iyayenku ke raye, don Allah ku riƙa kiransu.

Batun giya kuwa, kada ka sha don a so ka. Ni ban zauna a teburinta ba, amma duk abin da ake yi da rana ina ciki: kallon furen sakura a watan Afrilu, sharar ƙarshen shekara, kuma duk tafiyar da na yi sai na kawo tsaraba, omiyage, wannan ba sa wasa da ita. Ranar Sallah na dafa dafa-duka na kai musu, a nan ne suka fara tambayata game da azumi. Ka haddace haruffa biyu, 豚 alade, 酒 giya, ka kuma kula da mirin, giyar girki ce da suke sawa a miya da yawa.

Ka nemi masallaci ko da tafiyar awa biyu ce. Ranar da na fara shiga masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara na ji an ce "istawu", hawaye kawai na ji suna zuba. In kana yankin Kansai ga masallacin Kobe, tun 1935 yake tsaye, ya tsallake ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995.

Kada ka ce a aiko maka da kilishi, sun hana shigo da nama, a filin jirgi za a ƙwace. Kuɓewa tana nan a kowane kanti, okura suke ce mata. In kewar daddawa ta dame ka, sayi natto, waken soya ne da aka ruɓar, ƙamshinsu ɗaya, da shi na riƙa kaɗa miya duk lokacin sanyi. Ka faɗa mana a wane gari kake, akwai 'yan uwa a cikinmu da har yanzu suke can, a samu wanda zai kai ka masallaci wannan Juma'ar.